Tukunya takan yi magana kafin ta fashe

Mu mutanen ƙasar Kabi ba mu san ɗumama ɗaki da bututun ruwan zafi ba, kuma babu abin da zai sa mu sani. A ƙasar da zafin bazara yakan haura digiri 40, sanyin da muke kuka da shi bai wuce na 'yan makonnin hunturu ba, bargo da kaskon wuta sun ishe mu. Saboda haka idan aka ce za a yi magana a kan tukunyar ɗumama gida wadda matsi ya yi wa yawa, ba laifi ba ne mai karatu ya ce wannan damuwar mutanen Turai ce. Sai dai ruwa da wuta idan aka haɗa su a rufaffen mazubi, halinsu ɗaya ne a Landan da Gwadangaji. Irin waɗannan mazubai kuwa sun riga sun shigo mana, wasu ta ƙofar sana'ar shinkafa, wasu ta banɗaki, wasu ta madafa, amma sanin yadda ake zama da su lafiya bai biyo su ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Na tashi a gidan da ake turara shinkafa. Goggona, Allah Ya ji ƙanta, da rabin duro take aikinta. Takan jiƙa shanshera ta kwana, da safe a tsame, a zuba a duro da ɗan ruwa a ƙasa, a rufe da tsofaffin buhuna, a hura wuta. Idan tururi ya ratsa ta har ɓawo ya fara tsagewa, sai a sauke a baza a rana. Wannan turarawa ita ke sa ƙwayar ta yi ƙarfi ta rage karyewa a inji, kuma ita ke tura wani kaso na amfanin dusa zuwa cikin ƙwayar. A duk shekarun da na yi ina kallon wannan aiki, ban taɓa jin duron wata ya fashe ba, ko a gidanmu ko a maƙwabta. Ƙuna akan samu, hayaƙi yakan ci ido, amma fashewa babu. Dalili kuwa shi ne buhu ne murfin, tururi yana fita ta kowace kusurwa. Abin da ake kushe tsohon tsarin da shi, wato asarar tururi da yawan cin itace, shi ne kuma yake tsare rayukan iyayenmu mata ba tare da sun sani ba.

Yau al'amarin ya sauya. Tun daga watan Nuwamban 2015, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya, shinkafa ta zama abin da aka san jiharmu da shi. A ƙarshen 2016 aka ga shinkafar Lake Rice, ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a kasuwannin Ikko. A watan Agustan 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya buɗe kamfanin WACOT a Argungu, ga kuma Labana a nan Birnin Kebbi. Manyan kamfanoni irin waɗannan da tururi suke aiki, daga manyan tukwanen ƙarfe waɗanda injiniyoyi suka zana. Ƙananan masu sana'a suka ga yadda shinkafar kamfani take fitowa fes, launinta ɗaya, suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Sai aka koma wurin masu walda: a samo duro ko tsohon tanki, a liƙe shi ruf, a jawo bututu zuwa mazubin shinkafa, a cusa ɓuntu da itace a ƙarƙashi. Wannan ƙoƙari ne abin yabo. Amma daga ranar da aka maye gurbin buhu da murfin ƙarfe mai noti, an fita daga sana'ar Goggo an shiga wata daban, mai dokokinta.

Kwanakin baya wani maƙwabcina da ke da ɗan injin gyaran shinkafa ya ja ni in ga sabuwar tukunyar da aka ƙera masa. Aikin ya yi kyau a ido, har da geji mai allura da ɗan bawul a sama. Amma da na matsa kusa sai na ga an naɗe bawul ɗin da waya, an ɗaure hannunsa tam. Na tambayi yaron da ke kula da wuta, ya ce huci yake yi duk lokacin da wuta ta kama sosai, shi ne ya gyara shi. Na dubi maigidan, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai tururin da ke fita nan kuɗi ne. Itacen nan ba kyauta ake ba ni ba." Na ce masa, "Alhaji, wannan ɗan ƙarfen da aka ɗaure shi kaɗai ne a wurin nan yake gaya maka gaskiya. A kwance shi tukuna, sannan mu yi sauran maganar." Ya sa aka kwance, ina jin don kunyata ya yi, ba don ya gamsu ba. Tun daga ranar nake tunanin yadda zan bayyana masa, da ire-irensa, abin da ke cikin waccan tukunya.

Ga yadda abin yake. Lita ɗaya ta ruwa idan ta zama tururi a sarari, takan nemi wurin da ya ninka nata kusan sau 1,700. Idan babu wurin, sai ta koma tura bangon mazubin, wannan turawar ita ake kira matsi. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira ba, kuma ba ɗaya ya yi kusan daidai da nauyin kilo ɗaya a kan wurin da bai wuce faɗin farcen yatsa ba. A ji kamar ƙaramin abu. Amma murfin duro mai cin lita 200 faɗinsa ya kai santimita 57, don haka idan allurar geji ta nuna 1 kacal, nauyin da ke tura murfin nan ya kai tan biyu da rabi, wato buhu hamsin na shinkafa mai kilo hamsin-hamsin. Duro kuwa don ajiye mai aka yi shi, ba don ɗaukar wannan kaya ba.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan haɗari. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa yakan tafasa a wajen digiri 100, ba ya wuce nan komai wutar da aka yi masa. A rufaffiya kuwa, matsi yana hana shi tafasa, sai zafinsa ya yi ta hawa: a ba ɗaya yakan kai digiri 120. Idan bango ya tsage, matsin ya sauka farat ɗaya, wani kaso na ruwan nan yakan rikiɗe ya zama tururi a ƙiftawar ido. Shi ya sa tukunyar tururi ba tsiyaya take yi ba idan ta gaza, tashi take yi, ta ɗauki rufin kwano da duk wanda ke tsaye kusa.

Wanda ya ƙara fahimtar da ni yadda ake bin diddigin wannan matsala ɗan ƙanwata ne da ke karatu a Ingila. A can kusan kowane gida yana da tukunyar gas a maƙale a bango, wadda take dafa ruwa, famfo ya zagaya da shi cikin bututu zuwa wasu faifan ƙarfe da ke kowane ɗaki. Ruwan a rufe yake, shi ne dai yake ta zagayawa. Idan tukunyar ta huce, allurar gejinta takan tsaya tsakanin 1 da 1.5, idan ta ɗau zafi ta ɗan ɗaga zuwa wajen 2. Idan ta kai 3, akwai bawul da ke buɗewa da kansa ya zubar da ruwa ta wani bututu a bayan gida. Wata rana a tsakiyar sanyinsu ya kira ni yana cewa, "Kawu, tukunyar gidanmu tana zubar da ruwa ta baya, mai gidan ya turo mai gyara." Abin da ya burge shi, ni ma ya burge ni da ya ba ni labari, shi ne mai gyaran bai fara da bawul ɗin da ke zuba ba. Tambaya ya fara yi: yaushe allurar take hawa?

Amsar wannan tambaya ita ke raba cututtukan. Idan allura tana sama ko da tukunya ta huce, to an cika ruwa fiye da ƙima, maganinsa a rage kaɗan ta ɗan bawul ɗin da ke jikin faifan ɗaki, bayan komai ya yi sanyi. Idan an rage amma ta ci gaba da hawa a hankali alhali wuta a kashe take, to famfon da ake ƙara ruwa da shi bai rufu sosai ba, ruwan gari yana kutsawa. Idan kuwa a sanyi lafiya lau take, amma da an kunna wuta sai ta zabura zuwa 3, to laifin na wani ɗan tanki ne da ke ciki, wanda aka raba biyu da roba, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iska. Ruwa idan ya yi zafi yakan kumbura da kusan kashi uku cikin ɗari, kuma ba ya matsuwa, don haka iskar nan ce take ja da baya ta ba shi wuri. Idan iskar ta sace ko robar ta huje, ruwan ya rasa inda zai sa kansa. Nasu wannan ne ya same shi, aka ba tankin iska da famfo irin na keke, zubar ta tsaya. Bawul ɗin da ke zuba bai yi laifin komai ba, aikinsa ya yi. Ruwa ba ya tsami banza.

Wannan tsari na tambaya kafin taɓawa shi nake so mu ara, domin ya dace da tukwanenmu. Idan allura ta wuce inda ta saba, ko bawul ya fara huci, abu na farko shi ne a janye wuta. A zare itace, a daina zuba ɓuntu, a sa mutane su ja baya. Kada a kwance noti ko murfi, domin duk direban da ya taɓa buɗe murfin lagireto mota tana zafi ya san sakamakon, kuma abin da ke cikin lagireto bai kai cikin cokalin abin da ke cikin tanki ba. Bayan tukunya ta huce sai a fara bincike. Shin allurar ta koma sifili? Idan ba ta koma ba, gejin ƙarya yake yi, kuma geji maƙaryaci ya fi rashin geji sharri, domin yana sa mutum ya saki jiki. Shin hanyar da tururi ke bi zuwa shinkafa a buɗe take, ko ƙaiƙayi da tsatsa sun toshe ƙananan hujojin bututun? Shin an rufe famfon tururi lokacin da ake juye shinkafa, aka bar wuta tana ci? Wannan na faruwa da yawa, domin hankalin kowa yana kan buhunan da ake ɗauka. Shin wutar ta fi ƙarfin tukunyar? Ɓuntu idan ya samu iska yana ci fiye da yadda ake zato.

Sai kuma maganar ruwan kansa. Duk wanda ke dafa shayi da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ya san farin ƙanzon da ke manne wa gindin buta. Wannan ƙanzo yana taruwa a cikin tukunyar tururi, ya shiga tsakanin ƙarfe da ruwa, sai ƙarfen ya yi ta shan wuta ba tare da ruwa ya sanyaya shi ba, har ya yi laushi. Yana kuma iya liƙe bawul ya hana shi buɗewa ranar da ake bukatarsa. Mafi muni shi ne ruwa ya ƙone a bar gindin tukunya ya yi ja, sannan wani ya lura ya yi sauri ya ɗura ruwan sanyi. Niyyarsa ceto ce, amma ruwan da ya sauka a kan jan ƙarfe nan take yake zama tururi mai yawa, ƙarfen da ya riga ya raunana kuma ba zai iya riƙewa ba. Idan ruwa ya ƙone, wuta ake kashewa a jira, ko da shinkafar ranar za ta lalace.

Kada wanda ba ya sana'ar shinkafa ya ɗauka maganar ba ta shafe shi ba. Hitar ruwan wanka da ake maƙalawa a banɗakunan sababbin gidaje da masaukan baƙi ita ma rufaffiyar tukunya ce. Tana da abin da ke yanke wuta idan ruwa ya kai zafin da aka sa masa, tana kuma da ɗan bawul a bututun da ruwa ke shiga. Ɗigon da yake yi lokacin da ruwa ke ɗaukar zafi ba lalacewa ba ce, kumburin nan ne yake neman hanya. Na sha ganin inda aka cire shi aka toshe gurbin don kada ya ɓata tayil. Ranar da abin yanke wutar ya mutu, babu sauran abin da ya rage tsakanin iyali da bala'i. Haka tukunyar matsi da matanmu suka fara dafa wake da ganda da ita: ɗan nauyin da ke rawa yana tsaki a kan murfi shi ne mai gadinta, hujin da ke ƙarƙashinsa kuma dole a duba shi a hasken rana kafin kowane girki, kada kuma a cika ta har baki. Haka ma tankin iskar mai faci da ke bakin titi, wanda ruwa ke taruwa a gindinsa yana cin ƙarfen daga ciki idan ba a zubar ba.

Waɗanda suka riga mu amfani da tururi da jini suka sayi wannan ilimi. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin, yana zaune a Landan, ya ƙera tukunyar matsi a 1679 don narkar da ƙashi, kuma shi ne ya sa mata bawul mai nauyi a kan sanda, kakan duk bawulolin da muke gani yau. Duk da haka an shafe fiye da shekara ɗari biyu tukwane suna kashe mutane. A watan Afrilun 1865 tukwanen wani jirgin ruwa mai suna Sultana suka fashe a kogin Misisipi na Amurka, 'yan kwanaki bayan an yi wa ɗaya daga cikinsu facin gaggawa don kada a rasa lodin fasinja, mutum fiye da 1,100 suka halaka. A watan Maris na 1905 tukunyar wani kamfanin takalma a garin Brockton ta tashi ta ratsa benaye, mutum 58 suka mutu. Bayan wannan ne jihar Massachusetts ta kafa dokar tukwanen tururi, ƙungiyar injiniyoyin Amurka kuma ta tsara ƙa'idojinta a 1914. Mu ma muna da doka. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa tukunyar tururi bawul na kariya da gejin matsi da abin nuna yawan ruwa, ta kuma ce mai duba tukwane da hukuma ta amince da shi ya riƙa bincika ta lokaci-lokaci. Tambayar ita ce ko wannan doka tana isa rumfunan da ke bayan gari, inda ake ƙera tukunya ranar Litinin a hura mata wuta ranar Laraba.

Na san abin da maƙwabcina zai ce, kuma ba zan raina maganarsa ba. Ribar ƙaramin mai gyaran shinkafa siririya ce, itace ya yi tsada, tukunyar kamfani kuwa ko a mafarki ba zai iya sayenta ba. Idan aka ce sai ya cika duk sharuɗɗan da babban kamfani ke cikawa, an rufe masa sana'a ke nan, an kuma kori yaran da ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Ba wannan nake nema ba. Turara shinkafa ba ta bukatar matsi mai yawa, tururin da ke fita a hankali ya isa ya dafa ta, shi ya sa rabin duron Goggo ya yi aiki shekara da shekaru. Akwai tsari mai sauƙi da aka daɗe ana koya wa mata a wurare da dama: a sa faranti mai huji-huji a tsakanin ruwa da shinkafa, a ɗora murfin da ba a ɗaure ba. Yana rage itace, shinkafa ta fito da kyau, kuma babu abin da zai fashe. Wanda kuma girman aikinsa ya sa dole sai rufaffiyar tukunya, to kuɗin bawul da geji nagari bai kai kuɗin buhun shinkafa kaɗan ba, bai kuma kama ƙafar kuɗin jinyar mutum ɗaya da tururi ya ƙona ba. Araha ba ta ado.

Ga masu walda, roƙona shi ne kada tukunya ta bar rumfarku sai an gwada ta, kuma da ruwan sanyi ake gwaji, ba da wuta ko iska ba. A cika ta da ruwa har ta kore iska duka, a matsa da famfon hannu zuwa ninki ɗaya da rabi na matsin da za ta yi aiki da shi, a zuba ido. Da yake ruwa ba ya matsuwa, idan akwai rauni a walda tsiyaya kawai za a gani. Kada kuma a sa famfon rufewa tsakanin tukunya da bawul ɗinta, domin hannun da zai rufe shi da mantuwa yana nan tafe. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke nan garin, da jami'ar jiha da ke Aliero, ina ganin horon 'yan kwanaki da Hausa ga masu walda da yaran da ke kula da wuta ba zai gagare su ba, kuma zai zama hidima ga jama'ar da suke zaune a cikinta. Ga ƙungiyoyin masu gyaran shinkafa, su ne suka san inda kowace tukunya take, su ya kamata su fara zagayawa kafin wani jami'i ya zo.

Idan abu ya faru mukan ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Haka ne, kuma babu mai jayayya da ƙaddara. Amma tukunya ba ta cin amana. Kafin ta fashe takan yi huci, takan yi ɗigo, allurarta takan hau, gindinta yakan kumbura, wani lokaci har ta yi ta ƙara kamar ana buga ta da guduma. Wanda ya ɗaure mata baki da waya bai rage matsin da ke cikinta da ko ƙwayar zarra ba, kunnensa kawai ya toshe. Yaran da ke tsaye gaban waɗannan tukwane tun asuba 'ya'yan wasu ne, akwai masu jiran su dawo gida da yamma. In kunne ya ji, jiki ya tsira.